Yadda Ake Gano Wurin Tsintar Duwatsu da Ma'adinai a Hamadar Agadez

A hamada dutse a fili yake, babu ciyawa mai kauri ko baƙar ƙasa da ta lulluɓe shi. Duk da haka mutum zai iya yini cikin rairayi bai ga ko tsakuwa ba. Wurin kirki ana gano shi ne ta bin aikin da ruwa da iska suka riga suka yi, kuma yankin Agadez ya ishi mai koyo misali.

Mataki na farko: san irin ƙasar da za ka taka

Yankin ba ƙasa ɗaya ba ce. Duwatsun Azbin, irin su Bagzan mai tsayin mita 2,022 da Tamgak, yawancinsu giranit ne da duwatsun tsohon aman wuta. A nan ake samun jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara, da ɓawon dutse mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle, da kuza, wadda aka daɗe ana haƙa a Elmiki. Kudu da yamma da Agadez, wajen gangaren Tigidit da Ingal, dutsen yashi ne da yumɓu, inda ake ganin itatuwan da suka rikiɗe suka zama dutse, har da zanen ɓawonsu. A Azelik, kusa da Tegidda-n-Tesum, akwai duwatsu masu koren tabo, alamar tagulla, wadda mutanen zamanin da suke narkarwa. Can gabas, a Bilma da Fashi, gishiri ne da kanwa. Ka fara yanke abin da kake nema, shi zai nuna maka gabar da za ka fuskanta.

Mataki na biyu: duba wurin daga sama

Buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, tun kana gari. Abin nema shi ne inda launi biyu suka haɗu, baƙi da fari ko ja da toka, domin mahaɗar duwatsu iri biyu ita ta fi tara ma'adinai. Farin layi siriri da ya ratsa baƙin tudu sau da yawa jijiyar ƙanƙara ce. Sa alama a wurare kaɗan, ka sauke taswirar a waya, don sabis yana yankewa da zarar ka yi nisa da gari.

Mataki na uku: nemi izini da ɗan jagora

Wannan ba abin tsallakewa ba ne. Ka gai da mai gari ko shugaban zangon da ke kusa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma sanar da jandarma hanyar da za ka bi da ranar dawowa. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, duk wanda aka gani da guduma a daji ana ɗaukarsa mai neman zinariya ne, kuma 'yan fashi ma haka suke ɗauka. A wasu sassan Azbin an binne nakiyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, saboda haka kada ka bar sawun da jagora ya nuna. Makiyayan Buzaye sun san inda farin dutse ya fito da inda ƙasa ta yi kore fiye da kowace taswira. Ka nuna musu samfurin abin da kake so a tafin hannu, ya fi dogon bayani.

Mataki na huɗu: bi kori zuwa sama

A ganina nan ne aikin yake. Kori, wato kwarin da ruwa ke bi da damina ya bushe da rani, yana kwaso gutsuren kowane dutse da ya ratsa ya zube su a hanya. Tsakuwar bakin kori ɗaya za ta gaya maka abin da ke cikin tudun da ke bayansa tun kafin ka hau.

Fara daga ƙasa. Ka duba cikin kwanar korin, inda ruwa ke rage gudu, da bayan manyan duwatsu, da ramukan da ke kan shimfiɗaɗɗen dutse. Abu mai nauyi kamar kuza da baƙin yashin ƙarfe a nan yake kwanciya. In ka ga gutsuren da ya burge ka, kada ka tsaya cika buhu. Duba gefensa. In ya mulmule sumul, daga nesa ya zo. Ci gaba da hawa kana lura. Muddin gutsuren yana ƙara yawa, yana ƙara girma, gefensa yana ƙara kaifi, to kana matsowa kusa da uwar dutsen. In kori ya rabu biyu, ka leƙa kowane reshe, ka bi wanda ke ɗauke da shi. Inda ya ɓace gaba ɗaya, ka wuce wurin. Koma baya kaɗan, ka ɗaga kai ka dubi gangaren dama da hagu. A can ne za ka samu masu kyan siffa, waɗanda ruwa bai goge ba.

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan damina ta juya tsakuwa, zafi kuma ya sauka. Da damina kada ka kwana cikin kori ko da sama tana fes. Ruwan da aka yi a kan tudu yana isowa ba sallama. Korin Telwa ya rushe gidaje masu yawa a Agadez a Satumban 2009.

Mataki na biyar: zagaya fako

A fako iska tana sheƙe ƙasa kamar yadda ake sheƙar hatsi, ta kwashe yashi ta bar tsakuwa a shimfiɗe. Ka yi tafiya a hankali da hantsi ko bayan la'asar, rana tana gefenka. Yawancin duwatsun suna da baƙin shafe da zamani ya yi musu, sai ka fasa ɗaya kafin ka san launinsa na gaskiya. Juya dutse da sanda ko bakin guduma, kunama da kububuwa suna fakewa a ƙasa.

Mataki na shida: gwada a wurin

Guduma, tabarau na kare ido, maganaɗisu, wuƙa, guntun gilashi, fasasshen tayil da lemun tsami sun isa. Ƙanƙara tana karce gilashi. Dutsen farar ƙasa wuƙa na karce shi, kuma garinsa yana kumfa in an ɗiga masa tsami. Tama mai kyau tana barin jan layi a bayan tayil. Zinariya tana lotsewa in an buga ta, mai kama da ita kuwa farfashewa take yi. Dutsen yashi mai tabon rawaya shar a wajen Arlit ko Azelik, ka bar shi inda yake, yana iya zama yuraniyom. Kowane samfuri ka naɗe shi da takarda, ka rubuta wuri da kwanan wata.

Mataki na bakwai: san abin da ba naka ba

Ƙasusuwan dabbobin da, irin na Gadufawa da Tigidit, da kan kibau na dutse, da tsoffin tukwane, da duwatsu masu zanen mutanen da, dukiyar al'umma ce, kuma dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta hana kwasarsu. Gandun Azbin da Tenere yana cikin jerin wuraren gadon duniya na hukumar UNESCO tun 1991, a can sai kallo da hoto. Dutsen da ya faɗo daga duniyar Mars, mai kusan kilo 25, wanda aka tsinta a yankin Agadez a 2023, an sayar da shi a New York a Yulin 2025 kan sama da dala miliyan 5. Bayan haka gwamnatin Nijar ta buɗe bincike, ta kuma dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da waɗanda suka faɗo daga sama. In ka ci karo da baƙin dutse mai nauyi da maganaɗisu ke kamawa, mai ɓawo kamar an ƙona shi, ɗauki hotonsa, rubuta lambobin da ke nuna wurin a taswirar wayarka, ka kai bayanin ofishin ma'adinai na Agadez.