Yadda Ake Zama da Kayoti a Unguwannin Bayan Gari da Karkarar Amurka

Kayoti naman daji ne na Amurka ta Arewa, ɗan'uwan kare da kyarkeci. Wanda ya san dila zai gane shi da gani ɗaya: dogon baki, kunnuwa a tsaye, gashi ruwan toka mai sirkin ja, da jela mai kauri wadda yake saukarwa ƙasa idan yana gudu. Nauyinsa yawanci kilo 9 ne zuwa 20, na gabashin nahiyar kuma sun fi girma domin akwai jinin kyarkeci a jikinsu. Asalinsa filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yamma, amma da aka ƙarar da kyarkeci a yawancin wurare aka kuma sare dazuzzuka, sai ya bazu. Yau yana kowace jihar Amurka in ban da Hawai, yana Kanada da Meziko, ya gangara har Panama, yana kuma yawo cikin manyan birane irin su Shikago da Toronto.

Saboda haka batun a kore shi daga unguwa gaba ɗaya bai taso ba. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya hana shi abinci, ya kuma bar shi da tsoron mutum da aka haife shi da shi. Kusan duk rigimar da ake yi da kayoti daga waɗannan biyun take tasowa.

Ganin sa kaɗai ba matsala ba ne

Binciken da Stanley Gehrt na Jami'ar Jihar Ohio ya fara a yankin Shikago a shekarar 2000 ya nuna cewa abincin kayotin birni galibi ɓeraye ne, zomaye, 'ya'yan itatuwa da naman barewa. Abincin mutane da kyanwoyi kaɗan ne ƙwarai a cikin kashin da aka duba. Mafi yawansu sukan rayu su mutu maƙwabtansu ba su taɓa sanin suna nan ba. Kukan da suke yi da dare ma yakan ruɗi mutum: biyu ko uku kan haɗa haushi da kuka iri-iri har ka rantse sun kai goma.

Abin lura shi ne yadda halinsa ke sauyawa, domin rashin tsoro hawa-hawa yake zuwa. Da farko ana ganinsa a titi da dare. Sai a fara ganinsa da safe da yamma, daga nan da rana tsaka a wurin wasan yara ko cikin farfajiyar gida. Sai ya ɗauki kyanwa ko ƙaramin kare a bayan gida, sannan ya kai ga ƙwace kare mai shi na riƙe da igiya. Matakin ƙarshe shi ne tunkarar mutane. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Idan aka taka masa birki a matakan farko, ba ya kai wa na ƙarshe.

Kisan mutum abu ne mai wuyar aukuwa. Biyu aka tabbatar a Amurka da Kanada: wata yarinya 'yar shekara 3 a Kalifoniya a 1981, da wata matashiya 'yar shekara 19 a gandun dajin Cape Breton na Kanada a 2009. Cizo kam yana faruwa, kuma sau da yawa idan aka bi diddigi za a tarar akwai mai ba su abinci. Haka aka gani a lambun Stanley na birnin Bankuba a Kanada tsakanin ƙarshen 2020 da 2021, inda aka ciji mutum fiye da 40 kafin hukuma ta kashe wasu daga cikin dabbobin.

Rufe masa ɗakin girki

Ka zaga gidanka da idon mayunwaci. Kwanon abincin kare ko na kyanwa kada ya kwana a waje. In a waje ake ciyar da su, a ba su minti 20 zuwa 30 a ɗauke kwanon, har da na ruwa. Kwandon shara ya kasance mai murfi mai kullewa, a fitar da shi da safiyar ranar kwasa, kada ya kwana bakin titi. Kada a zuba nama, ƙashi, kifi ko mai a ramin taki. 'Ya'yan itatuwan da suka faɗo a tsince su kullum, domin kayoti na son tuffa da inabi kamar yadda yake son nama. A kankare maiƙon da ya daskare a murhun gashi bayan an gama.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne mazubin hatsin tsuntsaye. Hatsin da ya zube ƙasa yana tara ɓeraye da kurege, su kuma su jawo mai cin su. Ko dai a share ƙarƙashinsa kullum, ko a sauke shi na wasu makonni idan kayoti ya fara zarya. Gubar ɓera kuwa ƙara ɓata lamari take yi: kayoti, mujiya da karen gida duk suna cin ɓeran da ya sha gubar su kamu. Tarko mai datsewa ya fi.

A rage duhuwar ciyayi a jikin gida, a datse ƙananan rassa har kamar santimita 60 daga ƙasa, a toshe ƙarƙashin rumfa da ɗakin ajiya da ragar waya. A gama wannan kafin watan Maris, domin kada a rufe uwa da 'ya'yanta a ciki.

Kora: yadda ake yi da inda ake kuskure

Idan ka yi kiciɓis da shi bai gudu ba, kada ka gudu, kada ka juya masa baya. Yana iya gudun kusan kilomita 65 a awa, kuma gudu na tayar masa da sha'awar farauta. Ka tsaya cak ka dube shi, ka ɗaga hannuwa sama ko ka buɗe rigar sanyi ko lema domin ka ƙara girma a idonsa, ka daka masa tsawa da babbar murya, ka buga ƙafa, ka yi taku biyu uku zuwa gare shi. Ƙaramin yaro ko ƙaramin kare a ɗauke shi sama tukuna.

Kayan aikin ba su da tsada: usur, ƙaho mai iska, murafan tukunya biyu, gwangwani da aka zuba wa tsakuwa ko sulalla aka naɗe bakinsa da salatif, ko tiyon ruwa idan a gida ne. Za a iya jifa da ƙaramin dutse ko sanda kusa da shi, ba a jikinsa ba. Tsorata shi ake so, dabbar da aka raunata kuwa ta fi haɗari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dainawa da wuri. Kayoti yakan yi gudun mita 20 ko 30 ya tsaya ya waiwayo. In ka yi shiru a nan, ka koya masa cewa tsawar ba ta da haƙori. A ci gaba har ya ɓace daga gani. Na biyu, yin ihu daga cikin mota ko ta taga: dole ya ga mutum a tsaye ya haɗa abin da ke damunsa da mutum. Na uku, amfani da hanya ɗaya kullum, domin da sauri yake sabawa, abin da ya sa fitilar da ke kunna kanta da rediyo a bayan gida ke daina aiki bayan 'yan makonni. Na huɗu ya fi duka: gida ɗaya na kora, gida biyar na ɗaukar hoto. Sai unguwa ta haɗa kai abin ke kama jiki.

Akwai inda ba a kora. Dabbar da ba ta da hanyar fita, marar lafiya ko mai rauni, da wadda ke kusa da raminta da 'ya'ya, ja da baya ake yi a hankali ana fuskantarta.

Wannan na ƙarshen yana buƙatar sanin kalandarsu. Barbara daga Janairu ne zuwa Maris, ciki kwana 60 zuwa 63, haihuwa a Afrilu da Mayu, 'ya'ya huɗu zuwa bakwai galibi. Daga lokacin har zuwa Agusta iyayen na tsaron rami, kuma za ka ga ɗaya ya biyo ka a baya daga nesa idan kana tafe da kare. Rakiya ce yake yi maka har ka fita daga yankinsa. Ka taƙaita igiyar kare, ka fice da tafiya ba da gudu ba, ka sauya hanya na wasu makonni. Daga Satumba zuwa Nuwamba matasa ke barin gida neman nasu wurin, shi ya sa ake yawan ganinsu a lokacin.

Kare, kyanwa da kaji

Kyanwa a cikin gida take da aminci, ko cikin keji mai rufi. Karen da bai kai kilo 10 ba kada a bar shi shi kaɗai a waje, musamman daga magariba zuwa wayewar gari, ko da akwai shinge. Igiyar yawo kada ta wuce mita 2. Mai miƙewa da kanta ba ta da amfani a nan, domin kafin ka janyo kare an riga an kai gare shi. Babban kare kuma kayoti kishiya yake ɗaukarsa, faɗan ya fi yawa a watannin barbara. A tabbata allurar haukan kare da sauran rigakafi suna kan lokaci, a hana kare shinshina ko cin kashin kayoti saboda tsutsar ciki.

Ragar kaji ta gargajiya kaji kawai take tsarewa, haƙori na yaga ta. A yi akurki da ragar ƙarfe mai walda, mai ido santimita 1.3, a rufe sama, a sa sakata mai kullewa, a shigar da kaji kafin rana ta faɗi.

Shinge

Tsayi aƙalla mita 1.8. Kayoti ba kasafai yake tsallake irin wannan a tashi ɗaya ba, kama saman yake yi da ƙafafun gaba ya tura da na baya. Maganinsa bututu mai juyawa a saman shingen. Ana sayar da na alminiyam, ana kuma haɗawa da hannu: a zura igiyar ƙarfe cikin bututun roba mai faɗin santimita 2.5, a zura wannan cikin mai faɗin santimita 7.5, a ɗaure igiyar tamau tsakanin ƙarafa biyu. In igiyar ta saki har bututun ya kwanta a kan shinge, ya daina juyawa, ya zama matakala. Haka tarin itace, kwandon shara ko teburi a jingine da shingen. A duba dokar gari da ta ƙungiyar masu gidaje kafin a ƙara tsayi, wurare da yawa sun ƙayyade shi.

Ƙasa ta fi sama muhimmanci, domin gwanin haƙa ne. A binne raga zurfin santimita 30 zuwa 45, ko a lanƙwasa ta waje a shimfiɗe a ƙasa faɗin santimita 45 zuwa 60 a kafe da turaku. Yana zuwa gindin shinge yake fara tono, ya ci karo da waya, ba ya tunanin ja da baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙarƙashin ƙofa da magudanar ruwa kada tazara ta wuce santimita 10.

Ga masu tumaki da awaki

Ɓarnar ta fi faɗawa kan 'yan raguna da 'yan awaki a makonninsu na farko, wanda sau da yawa ya dace da lokacin da kayoti ke ciyar da nasa 'ya'yan. A sa uwaye su haihu a rumfa ko kusa da gida, a killace garke da dare, a kwashe mahaifa da mushe nan take a binne da zurfi. Mushen da aka jefar a bayan gona shi ke koya musu ɗanɗanon naman tunkiya.

Shingen lantarki na aiki in an yi shi daidai: layi biyar zuwa bakwai, na ƙasa bai wuce santimita 15 daga ƙasa ba, ƙarfin wuta bolt 4,000 zuwa 5,000 ko sama, saboda kaurin gashinsa. In wuta ta yi rauni, a fara duba ciyawar da ke taɓa layin ƙasa, sannan sandunan da ke kai wuta ƙasa. Uku ake so, kowace tsawon mita 1.8, tazarar mita 3 a tsakani, a wuri mai danshi.

Karnukan gadi irin su Great Pyrenees, Akbash da Maremma sun fi komai tasiri a fili mai faɗi, amma sai an tashe su cikin garke tun suna da mako 8 zuwa 16, kuma ba sa zama abin dogaro sai sun kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda aka shagwaɓa a gida zai bar tumaki ya dawo bakin ƙofa. A ƙaramin fili jaka mace ko lama dandaƙaƙƙe, wato dabbar nan ta Amurka ta Kudu dangin raƙumi, na wadatarwa. Ɗaya tal ake sawa. In sun zama biyu junansu za su bi. Jaki namiji da ba a dandaƙe ba yana iya kashe 'yan raguna da kansa.

Kafin a ɗora wa kayoti laifi a duba mushen. Shi a maƙogwaro yake kamawa, bayan muƙamuƙi, ya buɗe kwiɓi ya fara da kayan ciki. Karnukan gida kuwa yayyaga cinyoyi da kunnuwa suke yi, su raunata dabbobi da yawa, su tafi ba su ci ba. Sawunsa ma ya fi na kare tsukewa, tsawonsa kamar santimita 6, kuma a miƙe yake tafiya kan layi ɗaya.

Kisa, kamawa da kiran hukuma

Hukumar kula da ɓarnar namun daji ta ma'aikatar noman Amurka na kashe dubun-dubatar kayoti kowace shekara, duk da haka yankinsu sai faɗaɗa yake. Dalili kuwa, da an cire masu wuri sai 'yan yawo su maye gurbin cikin makonni, abinci ya yalwata ga waɗanda suka rage, 'ya'ya da yawa su rayu. Ma'auratan kayotin da ba sa taɓa dabbobinka suna yi maka gadi ne a fakaice, domin suna hana baƙi shigowa. Kamawa a kai wani daji ma ba ta fisshe su: jihohi da dama, har da Kalifoniya, sun hana, wanda aka kai kuma yakan mutu a hanyar komawa gida. Zuba guba da kanka laifi ne, dokar harbi da ɗana tarko kuwa ta bambanta daga jiha zuwa jiha, birane da yawa sun hana harbi a cikinsu.

Wanda ya kamata a cire shi ne takamaiman dabbar da ta ciji mutum, ko take tunkarar yara, ko ta ƙi gudu duk da korar da aka yi mata sau da yawa. A sanar da ofishin kula da dabbobi na gari ko hukumar namun daji ta jiha, haka ma idan an ga mai tangaɗi, mai dalalar miyau, ko wanda ƙazuwa ta zubar wa gashi yana neman ɗumi a jikin gidaje. A faɗi rana, lokaci, wuri, tazarar da ya matso, abin da aka yi masa da yadda ya amsa. In cizo ne ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar domin likita ya yanke shawara kan allurar haukan kare.