Inda ɗaliban adabin Turanci suka fi tuntuɓe wajen gane adon harshe

Duk malamin da ya taɓa duba takardun yaran da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB a darasin adabin Turanci ya san ba hadda ce ta gagare su ba. Tambayi yaro ma'anar "simile", wato kamantawa, zai karanto maka ita tiryan-tiryan. Amma ajiye masa baitin da bai taɓa gani ba, irin wanda ake kawowa a tambayoyin zaɓi ɗaya, sai ya shiga lalube. Ya saba farautar wata kalma guda a cikin jimla, bai saba tsayawa ya duba abin da jimlar take yi ba.

Farautar da ta fi kayar da yara ita ce ta "like" da "as". An gaya musu duk inda waɗannan suka fito akwai kamantawa, suka riƙe da hannu biyu. To ga "My uncle works as a driver". Kawun nan direba ne na gaske, ba a kamanta shi da komai ba. Haka "Amina looks like her mother": mutum ne ya yi kama da mutum, magana ce ta yau da kullum, babu ado a cikinta. Kamantawa ba ta tabbata sai an haɗa abubuwa biyu da jinsinsu ya bambanta, kamar yadda Wordsworth ya ce "I wandered lonely as a cloud", ya jera mutum da gajimare. Kafin ka zaɓi amsa, ciro abubuwan nan biyu ka faɗe su da bakinka. Idan ba ka samu biyu ba, ko ka samu amma jinsinsu ɗaya ne, wuce.

Siffantawa, wato "metaphor", tata matsalar daban ce. Misalin da aka fi bayarwa a aji shi ne "He is a lion", don haka yara suna jiran su ga an ce wane kaza ne. Alhali sau da yawa siffantawa a cikin aikatau take ɓuya. Dubi "The foreman barked at the labourers". Ba a ambaci kare ba, amma haushin ya shigo da shi. A nan ne da yawa suke zaɓar "personification", wato mutumtarwa, sun juya abin a baibai. Mutumtarwa ita ce a ba wanda ba mutum ba halin mutum, kamar "The harmattan slapped our faces", inda aka yi wa hunturu hannun mari. A jimlar farko kuwa mutum ne aka mayar kare. Masu nazarin adabin Hausa dabbantarwa suke kiran wannan, amma a takardar Turanci amsarka "metaphor" ce.

Sai tagwayen da suka fi rikitarwa, "metonymy" da "synecdoche". Abin haushin shi ne kullum muna jin su a labarai. Idan jarida ta rubuta "Aso Rock has denied the report", kowa ya san dutse bai buɗe baki ba, fadar shugaban ƙasa ake nufi. Dutsen ba gaɓar jikin shugaban ba ne, alaƙa ce ta kusanci kawai, don haka "metonymy" ce, irin yadda muke cewa "fada ta ce a taru". Amma "He has ten mouths to feed" daban take, domin baki sashe ne na mutumin da ake ciyarwa. An ambaci ɓangare ana nufin duka, wannan ita ce "synecdoche". Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: abin da aka ambata yanki ne na abin da ake nufi, ko tare kawai aka saba ganinsu?

Akwai jimlar da ko malamai sukan yi musu a kanta, wato "lend me your ears" ta Mark Antony a wasan Julius Caesar na Shakespeare. Wasu suna cewa kunne gaɓa ce, saboda haka "synecdoche" ce. Ni dai ina tare da masu cewa "metonymy", domin ba mutanen yake neman aro ba, sauraronsu yake so, kuma kunne ba yankin sauraro ba ne, kayan aikinsa ne. Ka kuma sani jimla guda tana iya ɗaukar ado biyu. "The pen is mightier than the sword", wadda Edward Bulwer-Lytton ya rubuta a 1839, alƙalami da takobin cikinta suna wakiltar rubutu da yaƙi, sannan an kafa su suna fuskantar juna. A irin wannan, duba kalmomin da aka ja wa layi da kuma zaɓin da aka jera maka.

"Oxymoron" da "paradox" ba su da wahala idan ka auna tsawonsu. Ta farko kalmomi biyu ne kishiyoyin juna a manne, kamar "sweet sorrow" da Juliet ta faɗa a wasan Romeo and Juliet na Shakespeare. Ta biyu cikakkiyar magana ce da ke kama da shirme, sai ka nutsu ka ga gaskiyarta, kamar "The child is father of the man".

Da "irony" kuma, yara sun mayar da ita sunan kowane rashin sa'a. Ruwa ya tsuge ranar ɗaurin aure, wannan tsautsayi ne kawai. Amma a ce mai sayar da makullai ne ɓarayi suka fasa wa shago, to abin ya zo a kishiyar yadda ake zato, ya shiga. Ta baki kuwa Bahaushe ba baƙonta ba ne, gatse ne: yaro ya fasa tulu uwa ta ce masa "ka kyauta". Gatsen ne Antony yake yi a wasan Julius Caesar da yake ta nanata cewa Brutus mutumin kirki ne har jama'a suka harzuƙa. Ta uku ita ce ta wasan kwaikwayo, inda mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba, kamar a wasan Othello na Shakespeare, Othello yana yabon amanar Iago alhali mu mun ga ramin da ake haƙa masa.

Akwai kuskure guda da ya fi kama masu jin Hausa, kuma ba laifinsu ba ne kacokan. Rubutunmu na boko yana bin furuci sau da ƙafa, shi ya sa muke gaskata ido. Turanci ba haka yake ba, kuma "alliteration", wato maimaita abin da kalmomi suka fara da shi, sauti take bi, ba harafi ba. "Cold city" duk da "c" suka fara, amma ɗaya "k" ce a kunne, ɗaya "s", saboda haka babu komai a wurin. "Funny photo" kuwa harufansu sun bambanta, sautin ɗaya ne, ta tabbata. Ga wani tarkon: wanda harshensa bai raba "p" da "f" ba zai ji "pale face" kamar da sauti ɗaya suka fara, alhali ga Bature biyu ne. Haka amsa-amo yake. "Though" da "tough" a takarda kaɗai suka yi kama. Maganin shi ne ka riƙa furta baitin a hankali, kalmar da kake shakka kuma ka saurari furucinta a ƙamus na waya tun kafin ranar jarrabawa.

A ɓangaren rubutun bayani, inda maki ya fi yawa, wasu suna gane adon daidai amma su tashi hannu rabbana. Sai ka ga an rubuta "The poet uses personification to make the poem interesting", a sa aya. Wannan jimlar za ta hau kan kowace waƙa a duniya, mai maki kuma ya gaji da ganinta. Abin da yake nema shi ne ka ciro kalmomin, ka faɗi sunan adon, sannan ka nuna aikin da ya yi a wannan wurin. Da misalin hunturun nan ne, sai ka ce mari yana zuwa ba zato, yana da zafi, yana kuma da wulaƙanci, don haka kalmar "slapped" ta mayar da iskar azzalumar da mutanen cikin waƙar ba su da ikon ramawa a kanta.