Yanda za ka ci moriyar zaman Jamus tun daga satin farko

Duk wanda ya sauka Jamus ya sani, daɗin ƙasar nan a bayan takarda yake ɓoye. Kafin komai ka je ka yi rajistar adireshinka, su Anmeldung suke ce mata, kuma sati 2 kacal doka ta ba ka bayan ka tare. Ka karɓi takardar shaida a hannun mai gida, ka ɗauki fasfo, ka nemi rana a Bürgeramt, wato ofishin rajistar mazauna gari, ta intanet, a birni irin Berlin samun ranar ma kanta aiki ne, sai ka riƙa leƙa shafin da sassafe. Sannan ka liƙa sunanka a jikin akwatin wasiƙa, don lambar harajinka ta gidan waya za ta zo, in mai rabon wasiƙu bai ga suna ba komawa zai yi da ita.

Da ka gama wannan sai ka yanki Deutschlandticket, tikitin sufuri na wata-wata. An fara shi a watan Mayu 2023 a kan Yuro 49 duk wata, ya koma 58 a 2025, ya kai 63 a 2026. Ya hau kam, amma a ganina har yanzu garaɓasa ce, tikiti ɗaya ka hau bas, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka hau jiragen ƙasa na yanki a ko'ina cikin ƙasar, kana iya tashi daga Hamburg har Munich in dai za ka jure sauya jirgi da wuni a hanya. Kar dai ka shiga ICE, jirgin ƙasa mai gudu na dogon zango, da shi, ba ya aiki a can, tara za ka sha. Kuma kuɗin da kansa yake fita duk wata, in za ka daina ka soke kafin 10 ga wata ta wuce.

Inshorar lafiya dole ce, ba zaɓi ba. In ta gwamnati ka shiga, yara da matar da ba ta da albashi suna shiga ƙarƙashinka ba tare da ƙarin ko sisi ba, amma fa sai ka cike fom, ba ya faruwa da kansa. Katin ya zauna a aljihunka, ka miƙa a wurin likita a duba ka ka fito, maganin da aka rubuta maka galibi Yuro 5 zuwa 10 za ka biya. In ciwo ya kwantar da kai ka karɓi shaidar likita, wurin aiki zai ci gaba da biyanka cikakken albashi har sati 6. Ajiye lambobi biyu a waya, 112 ta gaggawa, 116117 kuma in ciwon bai kai nan ba amma dare ne ko ƙarshen mako.

Toh sai maganar robobi, wadda baƙi ke asara a kanta ba su sani ba. Kusan duk robar lemo ko gwangwani akwai santi 25 naka a kai, Pfand kenan. Kar ka murƙushe ta, kar ka ɓare takardar jikinta, tara su a leda ka kai kanti, akwai na'ura a bakin ƙofa, kana zura su ɗaya bayan ɗaya tana juya su tana karantawa, ka danna maɓalli ta tofo maka rasit, a cire maka a kuɗin sayayya. Roba 20 Yuro 5 kenan. Ruwan sha kuwa ni ban ga dalilin saye ba, na famfo lafiyarsa ƙalau.

Sayayya dai ka gama ta ranar Asabar, Lahadi kantuna a rufe suke, in kuma ka manta madara ko burodi sai ka nufi babbar tashar jirgin ƙasa, can ne ake samun na buɗe.