Yadda za ki zaɓi gajeriyar rigar aure ki kuma haɗa ta

Doguwar riga tana rufa wa tela asiri, gajeriya kuwa ba ta san wannan ba. Kalmasa a fili, takalmi a fili, don haka daga ƙasa za ki fara lissafi.

Da farko ki tsayar da inda rigar za ta tsaya. Akwai mai tsayawa saman gwiwa, akwai mai rufe gwiwa, akwai mai sauka tsakiyar ƙwauri, wadda ta yi tashe a shekarun 1950. Irin wannan jarumar fim Audrey Hepburn ta saka a aurenta na 1954, ɗinkin Pierre Balmain, mai tsara tufafi ɗan Faransa. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin mata, amma da sharaɗi: kada kalmasar ta faɗa daidai inda sha-raɓa ya fi kauri, don sai ƙafa ta yi kamar an datse ta. Ki tsaya gaban dogon madubi, wata ta riƙa ɗaga yadin tana saukewa har ya kai inda ƙafarki ta fara sirancewa. Nan za a soka fil.

Sai takalmi. Ki saye shi kafin awon ƙarshe, ki je wurin tela da shi a ƙafa. Mai tsini yana sauya tsayuwar jiki, riga ta ɗage ta baya ba ki sani ba. Ki kuma taka shi a gida kwana da kwanaki har ya saki.

Wajen yadi, mai jiki irin satin mai kauri ya fi riƙe fasali idan ƙasan rigar mai buɗewa ne. Siliki marar nauyi kuwa iska kaɗan ke ɗaga shi. In shi ranki ke so, ki ce a sa shafi mai kyau, a ɗinke 'yan ƙananan ƙarafa cikin kalmasa su danne ta. Leshi ma sai da shafi.

Ranar gwaji kada ki tsaya ƙyam. Ki zauna a kujera, ki sunkuya, ki ɗaga hannu sama, ki hau matakala. Riga na hawa sama idan an zauna, musamman matsattsiya, kuma a zaune za a ɗauke ki hotuna da yawa. Ki roƙi tela ya bar rarar yadi a cikin kalmasa, saboda ragewa mai sauƙi ce, ƙari ne wahala.

Ado kuma kada ya yi yawa. Gajeren mayafi mai tsayawa kafaɗa ko gwiwar hannu ya fi tafiya da ita. Dogon hannu da rufaffen wuya suna ƙara mata kwarjini. In wuyan ya sha aiki, ki ajiye sarƙa, ɗan kunne ya isa.