Yadda Ake Zaɓen Inshorar Kariyar Shari'a Ga Mai Ɗaukar Bindiga a Amurka

Hausawan Legas da yawa, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, suna da ɗa ko ƙane ko abokin ciniki da ke zaune a Amurka, kuma a cikin mazauna can akwai waɗanda suka mallaki ƙaramar bindiga bisa ƙa'ida, suna yawo da ita a ƙarƙashin riga saboda yanayin unguwar da suke ciki. Da zarar mutum ya sayi bindiga ko ya shiga ajin horon neman lasisi, kamfanoni za su fara tallata masa abin da suke kira kariyar shari'a: ya riƙa biyan wani abu duk wata, su kuma su ɗauki nauyin lauya ranar da ya yi harbi don kare kansa. Wannan bayani na mai shirin shiga irin wannan yarjejeniya ne, da kuma na yaya ko uba da ke nan Legas wanda ake bugo wa waya a nemi shawararsa, domin idan abu ya ɓaci shi za a fara nema ya harhaɗa kuɗi ya kai wa 'yan canji.

Kafin komai, a san cewa wannan tsari na Amurka ne kaɗai. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya fistol da ire-irenta a jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, yayin da bindigar farauta ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ma ta hana masu gadinsu riƙe bindiga. Saboda haka lasisin jihar Teksas ko katin wani kamfanin kariya ba shi da wani amfani a filin jirgin Murtala Muhammed, kuma harsashi guda da aka mance a aljihun jaka ya isa ya jawo wa matafiyi fitinar da babu kamfanin da zai biya kuɗinta.

Dalilin da ya sa ake sayen wannan kariya shi ne, a Amurka harbi ɗaya na iya haifar da shari'a biyu. Ta farko ita ce ta laifi, inda gwamnati ke gurfanar da mutum, kuma dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. Ta biyu ita ce ta neman diyya, wadda wanda aka harba ko magadansa ke shigarwa, kuma a nan abin da ake nema kawai shi ne hujjar wani ɓangare ta rinjayi ta ɗayan. Labarin Bernhard Goetz ya nuna yadda biyun ke rabuwa. Ya harbi matasa huɗu a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York a 1984, kotu ta wanke shi daga zargin yunƙurin kisa a 1987 ta kama shi da laifin riƙe bindiga ba lasisi kawai, amma a 1996 wata kotu ta yanke masa biyan diyyar dala miliyan 43 ga ɗaya daga cikin matasan, wanda harbin ya nakasa. Gwamnati tana ba wanda ba shi da hali lauya kyauta a shari'ar laifi, amma a shari'ar diyya babu wannan gata.

Matakin farko shi ne mutum ya tabbatar doka ta yarda ya riƙe bindigar tun asali, domin kusan duk waɗannan kamfanoni sun rubuta cewa ba sa kare wanda doka ta hana mallakar makami. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shiga ƙasar da bizar ziyara ko ta karatu mallakar bindiga, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye kamar mallakar lasisin farauta, kuma ta hana wanda ke zaune ba takardu gaba ɗaya. Mai katin zaman dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, yana da damar mallaka, sai dai idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga ana iya korarsa daga ƙasar. Don haka wanda bai zama ɗan ƙasa ba ya tambayi kamfanin a rubuce ko zai biya lauyan shige da fice, domin lauyan laifi na iya amincewa da sasancin da zai rage wa mutum zaman kurkuku alhali sasancin ne zai sa a ɗora shi a jirgin Legas.

Mataki na biyu shi ne a gane wane irin abu ake saye, tunda ba duk abin da ake kira inshora ba ne inshora. Akwai ƙungiyoyin da ke haɗa zama mamba da takardar inshora ta gaske, kamar USCCA da ke jihar Wisconsin. Akwai masu tsarin biyan kuɗin lauya tun kafin buƙata ta taso, kamar U.S. LawShield da ya samo asali a Houston, da masu tsarin mamba kamar CCW Safe na Oklahoma. Akwai kuma ofishin lauyoyi da ke karɓar kuɗin wata kai tsaye su zama lauyoyin mutum, kamar Attorneys on Retainer na Arizona. Bambancin yana da nauyi, domin ƙa'idar inshora ba ta yarda a biya wa mutum kuɗin laifin da ya aikata da gangan ba, kuma harbin kare kai abu ne da ake yi da gangan, kotu ce daga baya za ta faɗi ko laifi ne ko ba laifi ba. A kan wannan gaɓa ce hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta ci tarar kamfanin Lockton dala miliyan 7 da kamfanin Chubb dala miliyan 1.3 a 2018 saboda shirin inshorar Carry Guard na NRA, ƙungiyar masu kare 'yancin mallakar bindiga, shirin da aka rufe a 2019. Har yanzu yawancin kamfanonin ba sa sayar wa mazauna New York da New Jersey da jihar Washinton, abin da ya shafi 'yan uwanmu da ke unguwar Bronx ta birnin New York kai tsaye. Wanda kuma yake da damuwa game da hukuncin inshora a addini, wannan bambanci ne zai kai wa malaminsa, domin ɗaukar lauya a kan lada wani abu ne daban da kwangilar inshora.

Daga nan sai a zo ga ainihin abin da ya kamata a ɓata wa lokaci, wato takardar yarjejeniyar kanta, ba tallan da ke shafin kamfanin ba. A nemi cikakkiyar takardar kafin a biya ko sisi, kuma kamfanin da ya ƙi nuna ta sai an biya, a bar shi nan take. Tambayoyi uku ne za a bi takardar da su: yaushe kamfanin zai biya, wa ke da ikon cewa a daina biya, kuma shin za a nemi mutum ya mayar da kuɗin?

Game da lokacin biya, wasu tsare-tsare suna biyan lauya tun daga ranar farko, wasu kuma sai an gama shari'a an wanke mutum sannan su mayar masa da abin da ya kashe. Na biyun, a ganina, bai cancanci kuɗin mai ƙaramin ƙarfi ba, domin lauyan da zai tsaya wa wanda ake tuhuma da kisa yakan nemi dubban daloli a hannu kafin ya buɗe fayil, kuma shari'ar kan ɗauki shekara ko fiye. Iyalin da za su sayar da shago a Alaba Rago don biyan kafin alƙalami ba su amfana da alƙawarin da zai cika bayan shekara biyu ba.

Game da ikon dakatarwa, a duba jumlar da ke cewa kamfanin zai kare mutum idan abin da ya yi kare kai ne bisa doka, sannan a nemi inda aka faɗi wanda zai yanke wannan hukunci. Idan takardar ta bar wa kamfanin ikon duba hujjoji ya yanke da kansa, to yana iya janyewa ana tsakiyar shari'a. An ga haka a jihar Louisiana, inda wata mata da ta harbe mijinta da suka rabu a 2018 ta samu dala 50,000 na farko daga masu inshorarta, daga nan suka daina biya tun kafin a fara sauraron shari'ar. Abin da ake so shi ne takardar da ta ce za a ci gaba da biya muddin alƙali ya ba lauya damar gabatar da hujjar kare kai, har zuwa ɗaukaka ƙara da sake shari'a idan ta kama.

Game da mayar da kuɗi, akwai takardun da ke ba kamfani damar karɓo duk abin da ya kashe idan aka samu mutum da laifi. A nan sai a lura da kyau, domin mafi yawan shari'o'in laifi a Amurka ba sa kaiwa ga cikakken zaman kotu, ana ƙarewa ne da sasanci inda wanda ake tuhuma zai amsa ƙaramin laifi a yafe masa babba. Mutumin da ya zaro bindiga ya nuna wa wanda ya tare shi a wurin ajiye motoci, bai ko harba ba, yana iya amsa laifin tsoratarwa da makami don ya kauce wa kasadar shekaru a kurkuku. A tambayi kamfanin ko irin wannan sasanci yana soke kariyar, kuma a karɓi amsar ta imel, ba ta baki daga mai talla ba.

Batun lauya shi ne na gaba. Wasu kamfanoni suna barin mutum ya zaɓi lauyansa su biya, wasu kuma sai dai ya karɓi wanda suka ba shi. Kowanne da amfaninsa: baƙon da bai san kowa a gari ba zai fi samun sauƙi idan an turo masa lauya, amma ya kamata ya san ko yana da damar canza lauyan idan ba su jitu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wanda ya zaɓi tsarin da ke ba shi 'yancin zaɓe ya nemi lauyan laifi a gundumarsa tun yanzu, ya je ofishinsa, ya tambaye shi ko ya taɓa kare shari'ar harbi a gaban kotu. Haka kuma a bincika wanda ke ɗaga wayar gaggawa ta kamfanin. Idan lauya ne, abin da aka faɗa masa sirri ne da doka ta kare. Idan ma'aikacin kamfani ne kawai, ana iya kiransa kotu ya maimaita abin da mutum ya faɗa da ƙarfe biyun dare, jiki na rawa, hannu da jini.

Sauran kuɗaɗen da ke biyo bayan kamu ba sa buƙatar dogon bayani. A duba iyakar kuɗin beli, tare da sanin cewa dillalan beli, wato masu tsaya wa mutum beli a kan lada, kan karɓi kashi 10 cikin 100 na abin da alƙali ya yanka kuma ba sa mayarwa. A duba ko za a biya ƙwararrun shaidu da masu bincike, sannan a rarrabe tsakanin biyan lauyan shari'ar diyya da biyan diyyar kanta, domin tsare-tsare da dama suna yin na farko su bar na biyu. Kyaututtuka irin su mujalla da jaka da hula kada su shiga lissafi.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne jerin abubuwan da aka cire daga kariyar, wanda galibi yake can ƙarshen takarda da ƙananan haruffa. Da yawa daga cikin baƙi suna aikin tuƙi ko gadi ko tsaron kanti a gidan mai, kuma tsare-tsare da dama ba sa rufe harbin da ya faru a bakin aikin gadi sai an sayi ƙari na musamman. Kamfanonin Uber da Lyft kuma suna da ƙa'idar hana direba ɗaukar makami, don haka mai wannan sana'a ya tambayi ko saɓa ƙa'idar wurin aiki yana shafar kariyarsa. Ana yawan cire rigimar cikin gida, da harbin da aka yi cikin maye, da wuraren da doka ta hana shiga da bindiga kamar gidan waya da ofisoshin gwamnatin tarayya. Sai kuma batun ƙetare iyakar jiha. Teksas ta yarda a ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba tun watan Satumba na 2021, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar suna da irin wannan doka, amma New York ba ta amincewa da lasisin wata jiha, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya sassauta sharuɗɗanta. Direban babbar mota da ke ratsa jihohi biyar a mako ya tabbatar kariyarsa tana bin sa, domin wasu kamfanoni jiha ɗaya suke rufewa sai an ƙara kuɗi.

Farashi yakan kama daga kusan dala 10 zuwa dala 50 ko fiye a wata, gwargwadon kamfani da matakin da aka zaɓa, kuma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a kwatanta. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki kamfanoni biyu ko uku, a aika musu tambayoyi iri ɗaya a rubuce, a jera amsoshin kusa da takardunsu, duk inda amsa ta saɓa wa takarda a ɗauki abin da takarda ta ce. Idan mata ko manyan 'ya'ya suna iya kai hannu ga bindigar a gida, a tabbatar sunayensu na ciki. Bayan an shiga, a ajiye kwafin takardar da aka sa wa hannu, a sake karanta ta duk lokacin sabuntawa tunda kamfanoni kan canza sharuɗɗa, sannan a ba wani amintacce lambar gaggawar da lambar zama mamba, har da ɗan uwa a Legas idan shi ne mai tsaya wa iyali, domin 'yan sanda kan karɓe wayar wanda suka kama tare da bindigarsa.