Daƙiƙa 40 ga kowace tambaya: yadda za ka ɗaga makinka a JAMB

A jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ka raba ka gani, daƙiƙa 40 kacal kowace tambaya ke samu. Ɗalibai da yawa a nan Gombe sun san amsa, lokaci ne ke ƙwace musu ita, domin ba su taɓa zama da agogo a gabansu ba sai ranar jarrabawa.

Fara da manhajar karatu da JAMB ta fitar wa darussanka huɗu, ka bi ta batu bayan batu. Da ka gama batu ɗaya, nemo tambayoyin shekarun baya a kansa ka amsa ba tare da leƙa amsa ba.

Sai ka ware littafi guda na kurakurai, nan aikin yake. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta, ka rubuta dalili a gefe: ban san batun ba, na manta ƙa'ida, ko na yi gaggawar karanta tambaya. Maganinsu daban-daban ne. Na farko komawa littafi yake so, na biyu maimaitawa, na uku kuwa natsuwa da lura da kalmomi irin su "not" da "except" masu juya ma'ana. A Lissafi ko Kemistiri kowace tambaya maki biyu da rabi ce, don haka gyara kuskure goma maki 25 ne. Ga mai neman gurbi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haddace amsoshin baya kuwa ɓata lokaci ne, sauya lamba ɗaya ya isa ya rusa haddar.

Sau ɗaya a mako ka yi cikakken gwaji na awa biyu a kan kwamfuta, ko da sai ka biya a shagon intanet. Ka saba da maɓallan da za ka yi amfani da su a jarrabawar: A zuwa D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Fara da darasin da ka fi ƙarfi. Tambayar da ta ci minti ɗaya ba ta buɗe ba, zaɓi wadda ta fi kama hankali ka wuce, kada ka bar gurbi babu amsa.

Littafin labarin da JAMB ta zaɓa a Turanci ka karanta shi da kanka sau biyu, taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp ba ta wadatarwa. Karatu mai nauyi ka sa shi bayan sallar asuba, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko. 'Yan mata kuma a dakata da lalle a yatsu gab da rajista da jarrabawa, yana iya hana na'ura karanta zanen yatsa a bakin ƙofa.