Matakan Zaɓen Lowa Am Mai Ƙarin Tsawo Ga Motar Tseren Da'ira

A filayen tseren da'ira na Amurka mota hagu kawai take juyawa, saboda haka tayar gaba ta dama ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi a kwana, kuma ita ake fara dubawa kafin a sayi lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa tayar gaba da jikin mota.

Da farko, a karanta dokokin rukunin da za a shiga, domin ƙungiyoyin da ke tsara tseren motoci irin su IMCA suna iyakance sauyin da aka yarda a yi wa ƙafar gaba.

Bayan nan, a ajiye motar a daɓe mai daidaito, a auna tsawon tsohon lowa am daga tsakiyar bushin (inda ƙarfen ke haɗuwa da jikin mota) zuwa tsakiyar bol joyin (mahaɗinsa da ɓangaren taya), a rubuta.

Mataki na uku, wato zaɓen yawan ƙarin tsawon, shi ya fi buƙatar natsuwa. Ƙarin tsawo a dama yana tura gindin tayar waje, ya faɗaɗa tazarar tayoyin gaba, ya kuma ƙara karkatar da kan tayar ciki, abin da ke taimaka mata ta kwanta sosai a ƙasa idan jikin motar ya rinjaya. A ganina, inci 1 ya isa a fara da shi.

Sannan a daidaita tsawon taya rod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya) da sabon ƙarfen, in ba haka ba tayar za ta riƙa juyawa hagu ko dama da kanta duk lokacin da ƙafar ta lotsa.

A ƙarshe, a yi zagaye kaɗan, a auna zafin tayar a gefen ciki, tsakiya da waje. Idan gefen ciki ya fi zafi nesa ba kusa ba, karkatar ta yi yawa, sai a rage.